Tafin Hannun Inna a Bangon Zaure

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sa'idu, ina sayar da wake a kasuwar Ogbete, Enugu.

Duk sanda ruwa ya sauko kan kwanon rumfata, sai hankalina ya tafi ƙauyenmu, gidan ƙasar da kakan babanmu ya gina. Nakan ga indararo yana zuba, har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nakan ji, alhali okada ce ke wucewa gabana.

A gidanmu kafin damina akan taru a yi yaɓe. Wanda ya fara sa hannu a aikin yakan danna tafinsa a ɗanyar ƙasa cikin zaure, kuma ba a shafewa. Na marigayiya Innarmu yana nan, daga ranar da ta zo amarya.

Jiya yayana ya kira ni, ya ce, "Sa'idu, kun watse kun bar ni da yaɓe. Bayan Sallah siminti zan shafa."

Yana da gaskiya, amma jama'a me zan ce masa? 'Yata haifaffiyar Enugu ce, ba ta san kakarta ba. Hannun nan kaɗai ya rage da za su gaisa.