Rubutun Halal na China Bai Yi Aiki a Osaka Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga birnin Guangzhou na China nake rubutowa, raina a ɓace.

Ni nake yi wa matasanmu 'yan kasuwa jagora a nan. Da ɗayansu, Sanusi, zai tafi Osaka ta Japan, wani alhaji ya ce masa, "Japan da China duk ɗaya ne, yaro. Kwafi rubutun halal na gidajen abincin nan ka nuna musu." Da ya isa can ya nuna wa wani mai abinci, shi kuwa bai gane rubutun ba, ya rusuna, ya kawo taliya da romo. Sai da ya shanye romon, sannan wani ɗan Pakistan ya gaya masa na alade ne.

Jama'a, rusunawar Japanawa gaisuwa ce, ba amsa ba. Ku tambayi Musulmin garin kafin ku ci. Alhaji, inda ba ka taɓa zuwa ba, ka yi shiru.

Malamai, da me zan lallashi Sanusi? Har yau ya kasa cin taliya.