Shinshina Min Rigata

Wani tsoho na zaune a tashar bas rungume da jakarsa, sai ga wani kafinta, garin katako har a gira.

"Baba, don Allah shinshina min rigata."

Tsohon ya ƙara ƙanƙame jakar. "In shaƙa in sume, ka yi gaba da kayana? Ba yau aka haife ni ba."

"Wallahi ba haka ba ne. Wata uku ke nan da na bar sigari, 'yata na da asma. Abokan aiki ke busa min hayaƙi, matata kuma tun daga ƙofa take tare ni da hanci."

Tsohon ya matso a ɗarare, ya shinshina. "Kafinta ya tashi aiki yana ƙamshin turare? Miƙo yatsunka."

Kafinta ya cusa hannu a aljihu. "Kara ɗaya ne fa, Baba. Rabinsa ma kawai na sha."

"Haka ni ma na riƙa cewa. Shekara goma ina miƙa wa tawa matar riga tana yarda, har ranar da likita ya ɗaga mata hoton ƙirjina. Shi ba a fesa masa turare. Fito da ɗaya rabin ka take shi ina kallo."