Akun da ke sallama da muryar maigidana

Assalamu alaikum mai gabatar da wanga shiri, da fatan an wuni lafiya. Daga Ƙofar Rini nake rubuto muku, hankalina a tashe.

Maigidana Alhaji ya rasu, ina cikin takaba. Da ƙanensa ya rufe shagon hatsin marigayi, sai ya kawo min akun da Alhaji yake ajiyewa a can. Ana sauke kejin, akun ya yi min sallama da muryar Alhaji, har da ɗan tarinsa. A ƙasa na zauna ina kuka.

Yanzu aku ba lafiya. Ya daina cin gyaɗa, yana figar gashin ƙirjinsa, ya yi shiru. Na ce zan kai shi asibitin dabbobi, sai Yayata ta ce, "Ke da takaba za ki fita don tsuntsu? Jiƙa mashi maɗaci kamar yadda muke yi ma kaji." Ƙanen Alhaji ya gwada kai shi, aku ya yi ta bugun keji har ya ji ciwo. Ni kaɗai yake yarda in ɗauka.

Don Allah, akwai likitan dabbobi mai zuwa gida? Ko malamai su gaya min, ya halatta in fita? In ya mutu, ba inda zan ƙara jin muryar nan.