Farar da Na Gani a Littafi Ta Iso Gonarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Sunana Sani, manomi daga Gidan Katta.

Ranar kasuwar Illela ruwan sama ya kore ni cikin wani ɗakin karatu. Ina jiran ya tsagaita, na ɗauki littafin ƙwari mai hotuna. Mai kula da wurin ya ga na ƙura wa shafin fara ido, sai ya kunna mini bidiyo a kwamfuta. Ashe fara idan tana ita kaɗai koriya ce, ba ruwanta da kowa. Amma idan 'ya'yanta suka rikiɗe suka koma rawaya da baƙi, suka jeru suka fuskanci waje guda, to gayyar yaƙi ce. Fiffike kawai suke jira. Na ga yadda suka mai da gona kore shar ta koma karare.

Shekaranjiya na tarar da irinsu a gonarmu ta wajen iyaka, ƙasa kamar tana tafiya. Na ruga na gaya wa yayana Bello. Dariya ya yi.

"To sai mi? Abin suya ya kawo kanshi! Mata su tanadi buhu da yaji."

Na ce, "Yaya, wannan ta fi ƙarfin kasko." Ya ce boko ya taɓa ni.

Mai gabatarwa, gero ya soma fidda kai. Wa za mu kai wa kuka? Manoman Garu da na Konni, ku duba gonakinku. Yau da safe na kama guda ɗaya, fiffike ya riga ya fito mata.