Mikoro Uku na Gitar Ilu

Ranar Alhamis ce, kwana uku bayan Sallar Layya ta bara, tsakanin la'asar da magariba, a filin nan na bayan rijiya, ana tsakiyar wani bikin aure, Ilu mai gita ya ɗauki amsa-kuwwa ya kira ni ɓarawo a gaban ƙauye guda. Wasunku suna wurin. Kai Sabi'u har dariya ka yi, na gan ka. Tunda ku ma kun fara ɗaure jaka za ku ci-rani, ku zauna ku ji yadda abin ya faro, daga farko kuma bi da bi, don ba na son labari da tsallake.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, daga Hawandawaki har Attantane. Da na ajiye, gero ya ƙi a gonata, fansho kuma ba ya kai mu ƙarshen wata. Hajo matata ta kwance tunkiyarta da kanta ta ce in sayar in yi kuɗin mota. Ana gobe zan tashi sai ga Ilu da gita a cikin buhu. Ɗan ajina ne a da, ya bar lakwal, makarantar boko, yana aji uku. Mu nan malamin lakwal Mushe ake ce masa.

"Mushe, tunda Legas za ka, ga ta. Ta bar magana."

Ga waɗanda ba su sani ba: a ƙarƙashin tsirkiyoyin gitar lantarki akwai abubuwa uku a jere, mu nan muna ce musu mikoro. Kowane maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla wadda ba ta kai gashi kauri ba. Su ke jin rawar tsirkiya su aika wa ampili, akwatin ƙara murya. Gumin hannun Ilu ya shiga biyu daga ciki, tsatsa ta cinye wayar.

"Irin nata na asali nike so," in ji shi. "Masu siririyar murya."

Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, a gabansa.

Legas ba ta tambayi wa nake ba. Mu shida muke kwana a ƙarƙashin matakalar wani bene. Mai gidan kullum sai ya ce mini aboki.

Na ce, "Sunana Mamman."

"To aboki Mamman, wa ya kunna fitila da rana?"

"Karatu nake."

"Karatu a gidana? Ka je makaranta mana."

Ni da na gina aji biyu da kara da hannuna. Faransancina kuwa can bai sayi ko ruwan sha ba.

Da yake na iya liƙin dalma tun ina gyara rediyon makaranta, na samu aiki a wani shagon kayan kiɗa. Mai shagon a Kano ya tashi, yana jin Hausa, kowa Oga yake ce masa. Su can mikoro sunansa fikof, sunan motar ɗaukar buhuna, kuma idan ka yi dariya kai ne baƙauye.

Wata uku ina zaɓe. Oga ya fara turo mini masu naɗi biyu, manya, baƙaƙe.

"Wannan masu kiɗan rok ke sawa, aboki. Ba ya ƙugi ko kaɗan."

"Ba ya ƙugi, amma muryarsa kamar mutum ya rufe baki da bargo."

"Ɗan ƙauyenku ya san bambanci?"

Ya sani. Ilu da yatsa yake tsinkar tsirkiya, da sauri, kamar mai gurmi, kowace sai ta fito ita kaɗai. Mai naɗi biyu zai dame su wuri guda. Sai mai naɗi ɗaya. Amma su ma iri-iri ne. Akwai wanda aka cika wa waya don ya yi ƙarfi, muryarsa ta yi duhu. Akwai mai arha wanda aka manna wa baƙin maganaɗisu a gindi, ƙararsa tana soke kunne. Na ajiye su duka. Na ɗauki guda uku masu sandunan maganaɗisu shida, kowace tsirkiya da nata, masu matsakaicin naɗi, waɗanda aka tsoma a kakin zuma don kada su yi kuwwa. Na ukun, na tsakiya, dole naɗinsa da fuskarsa su saɓa wa na sauran, don idan aka haɗa biyu ƙugin ya mutu. Yaran shago suna ta kallo na fito da tsohuwar busol ɗina, agogon nuna arewa da nake koya muku gabas da yamma da shi. Na ɗora a kan na farko, allura ta juya. A kan na ƙarshe, haka. A kan na tsakiya, ta juya baya. Na liƙa su, na shimfiɗa takardar gorar-ruwa, mai ƙyallin nan ta alminiyo, a cikin ramin gitar don tare ƙugi. Wani makaɗin coci ya gwada ta bai so ajiyewa ba.

Rigimar a kan tsofaffin mikoron ce. A shagon, abin da aka cire na shago ne. A wurinmu kuwa ko ƙusa makanike ya cire daga amalanke sai ya miƙa wa mai jaki.

"Ina tsofaffin, Oga?"

"Suna kwali. Za a sake naɗa su a sayar."

"Na mai gita ne."

"Matattu ne, aboki."

"Matattunsa ne."

"Ka ɗauka, ka ɗauki jakarka."

Na ɗauka. Sauran wata biyun dako na yi a kasuwa, ina da shekara sittin da biyu. Bayan nan da kuke gani ya lanƙwashe, can ya lanƙwashe.

Na dawo ana jibi Sallah. Na miƙa wa Ilu gitarsa da takarda shafi guda, na rubuta sharuɗɗa uku: gurup, injin wuta, ya yi nisa da mai kiɗa; a kafa ƙarfe a ƙasa mai laima a ɗaura masa wayar ampili; kada a jona komai a layin ampili. Mai naɗi ɗaya kunnensa a buɗe yake, duk dattin wuta yana ji. Gwangwanin da na zuba tsofaffin mikoron na manta shi a ƙasan jaka, na ce sai bayan biki.

Ranar bikin kun san abin da kuka yi. Ƙauyen da ba wuta, aka ta da gurup. Kowa ya zaro wayarsa da caja. Ralanji, wayar ƙara joni, a kan ralanji, har wayoyin tsofaffin mutanen da ba su zo ba an kawo, duk a layin ampili, gurup kuma yana gindin kujerar Ilu. Ya murɗa murya, abu ya yi gurnani kamar raƙumi. Ya sake, haka. Mata suka fara dariya. Ƴan rakiyar amarya daga Mayahi suna kallo. Sai ya ɗauki amsa-kuwwa.

"Jama'a, ba ni ba ne. Mushe Mamman ya cire na ƙwarai ya sayar a Legas, ya sa mini na bola."

Na miƙe zan yi bayani. Wa zai ji bayanin naɗin waya a gidan biki?

Shekara tara makullin bankin cimaka, rumbun hatsin ƙauyen nan, yana wuyana, ko tiya ɗaya ta gero ba ta ɓace ba. Ranar Asabar dattawan kwamiti suka zo, suka gaishe ni har sau biyu, suka nemi makullin, suka ce kawai don hankalin mutane ya kwanta. Na kawo gwangwanin na buɗe musu. Ɗaya ya juya mikoron a hannu ya ce, "Mu mi muka sani a nan, Mushe? Ƙarfe dai ƙarfe ne." Na cire makulli na ba su.

Hajo ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Ta kwanta da damina. Ranar da za ta cika ta tambaye ni ko sun maido makullin. Na ce mata gobe. Ita ce ƙaryar da na yi a cikin duk wannan magana.

Akwai abu guda da yake wuyana, zan faɗa don ban saba ɓoye kuskure a gefen takarda ba. Sharuɗɗan nan da Faransanci na rubuta su. Ilu bai iya karantawa ba, kuma bulalata ce ta kore shi daga aji uku. Ya karɓi takardar da hannu biyu ya sa a aljihu, ni kuma ban tambaye shi ko ya gane ba. Wannan zan faɗa a gaban kowa idan an taru. Amma rashin karatu bai sa harshe ya ce ɓarawo ba.

Kuma ya riga ya san gaskiya. Watan jiya ya yi wasa a Tasawa, a wurin da aka yi jonin wuta yadda ya kamata. Waɗanda suka je sun ce gitar ta yi magana ras, har ana tambayarsa inda ya samo mikoron. Su ne dai a jikinta, bai canza ko ɗaya ba. Ya aiko mini da goro ta hannun ƙanwarsa. Na mayar. Ba a goro aka zage ni ba.

Ga abin da nake nema, kuma kafin ku hau mota sai kun kai masa. A filin bayan rijiya, ranar Alhamis, bayan la'asar. A ta da gurup, a kai shi nesa, kowa ya zare cajarsa, har kai Sabi'u. Ilu ya kaɗa, jama'a su ji da kunnensu. Sannan ya ɗauki amsa-kuwwar nan, ita dai, ya ce ƙarya ya yi mini, ya nemi gafara. Dattawan kwamiti su tsaya a gefensa. Makullin su riƙe abinsu, ba shi nake bi ba. Ya faɗi sunana cikakke. Ya faɗi na Hajo, don tunkiyarta ce ta kai gitarsa Legas.