Dakalin Ƙarfe a Ƙofar Karaban

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama gare ku a cikin sunan Yesu mai ceto. Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi magana, likita bai yarda in daɗe a tsaye ba tukuna.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Istifanus, mutumin Billiri. Aikina a nan Dubai shi ne kula da karaban ɗin wani Balarabe, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa sahara. Da zarar zafi ya ragu, sai maigidana ya kwashi iyalinsa zuwa cikin rairayi, ni ne mai shara, ni ne mai shayi, ni ne mai shiga da fita da kaya tun safe har yamma. Bizata a kan wannan aikin take. In aikin ya tafi, ni ma sai gida.

Bara kwatangwalona na dama ya ƙi gaba ɗaya, aka yi mini tiyata aka sa na ƙarfe. Aiki ya yi kyau, yabo ga Ubangiji! Na fara takawa da sanda, har ina zagaya layinmu a Murakkabat ina gaisawa da mutane. Na ce ai na warke.

Ashe matakalar karaban tana jirana. 'Yar siririya ce ta ƙarfe wadda ake naɗewa, tana lilo in an taka ta, ga tsawo daga ƙasa, ga babu abin riƙewa. Ranar da na fara gwadawa, a Ras Al Khor inda muke ajiye karaban ɗin, ina ɗora ƙafa wani zafi ya soke ni har tsakar kai. Na zauna a ƙasa ina zufa. Washegari haka, jibi haka.

Maigidana mutumin kirki ne, amma bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Istifan, habibi, ina son ka. Amma in lokacin fita ya yi ba ka iya hawa ba, kalas, shi ke nan, dole in nemi wani." Ban ga laifinsa ba, amma na ji tsoro ƙwarai.

Mai gashin ƙashi a asibiti ta riga ta gaya mini ƙa'ida: in za ka hau, lafiyayyar ƙafa ce a gaba, in za ka sauka, mai ciwon. Lafiyayyata kuwa ta hagu ce. To ni kakata ce ta rene ni, kuma a wurinta ba a shiga ɗaki da hagu. In ka kuskura, sai ka fita ka sake shigowa, ko da tuwo mai zafi kake ɗauke da shi. Kaina ya ji maganar asibiti, amma da na tsaya a gaban ƙofa, ƙafar dama ce ke yin gaba da kanta, kuma zuciyata na bayanta.

Wata safiya na zauna a bakin gado zan yi addu'a. Durƙusawa ma an hana ni. Na ce, "Ya Ubangiji, gwiwata ba ta kai ƙasa, ƙafata ba ta kai sama. Ga ni a tsakiya, ka dube ni." Iyakar addu'ar ke nan. Ban ji wata murya ba, na ɗauki sandata na tafi Ras Al Khor.

Kusa da wurin ajiyarmu akwai shagon Alhaji Sani, Bakano mai sayen kayan mota yana aikawa gida a kwantena. Mun saba shan shayi tare, yana tsokanata wai Fasto. Ranar yana zaune yana kallon yadda nake fama da matakala, sai ya taso.

"Fasto, wai wace ƙafa aka yanka maka?"

"Ta dama, Alhaji."

"To don me ita kake turawa gaba? So kake a sake kwantar da kai?"

Na ce, "Alhaji, tsakani da Allah, kai ka taɓa shiga ɗaki da hagu?"

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. "Wallahi ban taɓa ba. Sai dai banɗaki." Ya zagaya ƙofar yana shafa gemu, can ya ce, "Amma ai hawa daban, shiga daban. Matsalar wannan abar, kana hawa kana shiga lokaci ɗaya. Dakali za mu yi maka, irin na ƙofar gida."

'Yan'uwa, amsar addu'ata ke nan, ta fito daga bakin Alhaji!

Na nemi izinin maigida, ya ce a gwada. Alhaji ya kira mai waldar da ke yi masa aiki. Aka ƙera matakala mai faɗi, taku gajere gajere, aka shimfiɗa mata roba mai kaushi don kada rairayi ya sa ta yi santsi. Aka kafa ƙarfen riƙewa a gefe. A sama kuma aka yi ɗan dakali daidai da bakin ƙofa, wanda mutum zai tsaya a kai da ƙafa biyu. Duk ana kwance su a sa a bayan mota.

Ranar da maigida ya zo dubawa, na tsaya a gaban matakala. Alhaji yana gefe yana cewa, "Shuwayya shuwayya, Fasto, ba tsere ake ba." Na kama ƙarfe, na sa hagu, na jawo dama. Na sake. Sai ga ni a kan dakali, babu zafi. Na zame takalmina, na ce cikin sunan Yesu, na shiga da ƙafar dama kamar yadda kakata ta koya mini. Na haɗa shayi na fito da shi a faranti, na sauko, ko ɗigo bai zuba ba.

Maigida ya kurɓa, ya dube ni, ya ce, "Yalla, Istifan. Juma'a da safe ka ɗaura karaban."

Haleluya! Na gode wa Allah da ya riƙe mini aikina, na gode masa don Alhaji Sani, ku ma ku sa shi cikin addu'a. Wanda ke tsaye yau a gaban ƙofar da ta gagare shi, kada ya karaya, ya gaya wa Yesu ko da a zaune ne. Ni a bakin gado ya ji ni, kuma makon jiya daga sahara na dawo. Amin.