Saƙon Da Na Goge

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ka yi haƙuri da damun ka da zan yi, daga Gyaɗi-Gyaɗi nake rubutowa.

'Yata Rumaisa'u za ta yi digiri na biyu ta intanet, a fannin binciken laifuka ta waya da kwamfuta. Makarantu biyu suka ɗauke ta, ta ce in zaɓar mata don albarka. Ɗaya karatu ne zalla, ɗayar kuwa sai ɗalibi ya gwada dawo da saƙonnin da aka goge.

Na ce, "A wayar wa?"

Ta ce, "Taki mana, Umma. Ke me za ki ɓoye?"

Malam, akwai. Bara yayar maigidana ta turo min gayyatar suna a Unguwa Uku, ƙyuya ta hana ni zuwa. Na goge saƙon, na ce, "Yaya, duba wayata, babu shi." Har yau ina istigfari. Rumaisa'u kuma 'yar ɗakinta ce, komai sai ta kai mata.

Na san makaranta ta biyun ta fi. In na zaɓi ta farkon, na ci amanar yarinya? Ko in fara zuwa in durƙusa wa Yaya? Don Allah a amsa min da wuri, Juma'a za a rufe rajista.